Wa Ya Yanka?

Yau Lahadi, an tashi daga sujada ke nan, wata yarinya mai suna Rahila ta tare ni a ƙofar coci da waya a hannu. Wai ita da ƙawayenta sun buɗe harkar girki, har sun karɓi odar Kirsimeti a wasu gidaje a Malali, suna so in ara musu manyan tukwanena. Na ce a hannun wa kuka koya? Sai ta ɗaga mini wayar. Ta ce, "Mama, ai girkin Kirsimeti ba wani abu ba ne, shinkafa ce da miya da nama." Na ce to wa zai yanka muku dabbar? Ta yi dariya, ta ce, "Ko ma wa ya yanka, Mama, wa zai sani?"

Da ba a harabar ɗakin Ubangiji muke ba, da yarinyar nan ta ji abin da uwarta ba ta taɓa faɗa mata ba. Na haɗiye, na ce zan ba ta amsa. To ga amsar, Rahila, ke da ƙawayenki da duk mai ganin riƙe muciya wasa ne. Ni ce Saratu ta Unguwar Kanawa, na tsufa a gaban murhu, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

A hannun Iya Ladi na koyi girkin taro. 'Yar gajeruwar mace ce mai murya kamar ta soja, ita ke dafa abincin biki da na suna da na makoki tun daga Unguwar Kanawa har Mando, gidan Kirista da gidan Musulmi duka. Na shiga wurinta da goyo a baya, ina ganin ai na iya girki tunda mijina bai taɓa kushe tuwona ba. Shekarar farko ko ludayi ba ta bar ni na taɓa ba. Faskare, ɗiban ruwa, tsintar tsakuwa a shinkafa, kai markaɗe inji, sai kwaɓa toka a shafe gindin tukunya kafin a ɗora, don baƙin hayaƙi ya fita da sauƙi wajen wanki. Yau ku gas kuke murɗawa. Mu duwatsu uku ne da icce, kuma icce ma ba kowanne ba. Ɗanye ya cika abinci da hayaƙi, mai taushi ya ƙone kafin ruwa ya tafasa.

Aikin da ta fara tsayar da ni a kan tukunya, bikin 'yar wani soja ne a Mando. Dafa-duka ce ta rabin buhu. Ruwa ya fara tsotsewa, wuta na ci bal-bal, ni kuwa ina tsaye ina jin daɗin ƙamshi. Iya Ladi ta taho daga can wajen masu suya, ta sunkuya ta zare itacen nan kaf, ta bar garwashi kaɗai, ta rufe bakin tukunyar da buhu ta danne murfi da dutse. Sannan ta kama kunnena ta ce, "Babbar tukunya ba wuta ke ƙarasa ta ba, tururi ne. In gindinta ya kama ko da faɗin tafin hannu ne, ƙaurin sai ya hau har sama, kowa ya ji shi a cokalinsa." Wayarku ta gaya muku wannan? Ta gaya muku yadda ake juya shinkafar mutum ɗari biyu ba ta caɓe ba, ko yadda ake sanin miya ta soyu daga yadda mai ya taso? Ko ta gaya muku abin da za ku ce wa uwar amarya in ta zo tana kuka baƙi sun ninka abin da aka shirya?

Duk wannan ma mai sauƙi ne, hannu na koya. Mai wuyar yana zuwa ne a watan Disamba.

Iya Ladi tana da doka biyu in aka shiga makonnin jiran haihuwar Almasihu. Ranar Lahadin da aka kunna kyandir na farko a coci, washegari za mu fito da tukwane duka tsakar gida, manya da ƙanana, mu dirje su da toka da soson ƙarfe har mutum ya ga fuskarsa. Tana sabunta jan fentin da take shafa wa kunnen kowace tukunya don kada ta ɓace a gidan biki. In mun gama sai ta zauna a kan turmi ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Tukunya ta fita. Saura ku. Wacce ke gaba da wani, ta je ta sauke kafin mu hura wutar Kirsimeti." Ba wasa take yi ba. Na ga ta mayar da mace gida ranar jajibere, aiki ya yi mana yawa, don kawai ba ta magana da matar wanta. Ta ce mai jiran babban baƙo ba ya share tsakar gida ya tura sharar ƙarƙashin gado.

Doka ta biyu ta nama ce. Ku da kuka tashi yanzu ba ku san yadda unguwannin nan suke a da ba. Safiyar Kirsimeti yara ne ke ta kai da kawowa da langa da kula, daga gidan Kirista zuwa gidan maƙwabci Musulmi, kamar yadda naman layya ke shigo mana in Sallah ta zo. To maƙwabcin nan yana da ƙa'idarsa a kan yanka. Saboda haka duk dabbar da namanta zai tsallaka katanga, Malam Garba mahauci ne zai zo ya yanka ta, Iya Ladi na tsaye tana gani. Tukwanenta kuma ba sa shiga gidan da za a dafa alade ko burukutu, ko nawa za a ba ta. In an kai abinci, tambaya ɗaya ake yi a ƙofa: wa ya yanka? In aka ce Ladi ta ce Malam Garba ne, magana ta ƙare.

Da Iya Ladi ta rasu, ni ta bar wa tukwanen, har da babbar cikinsu da muke kira Giwa, wadda sai mata biyu ke sauke ta daga wuta. Ta bar mini kwastomominta, ta bar mini tambayar nan ma. A lokacin an sha rikice-rikicen da kuka ji labari, Kiristoci da yawa sun tattara sun haye kogi zuwa ɗaya gefen garin. Mu da muka rage a wannan gefen mun zama 'yan tsiraru, kuma langar nan da ke tsallaka katanga tana cikin abubuwan da suka riƙe mu.

Babban gidan da nake wa girki shi ne na Baba Yohanna a Malali. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, dattijo a ikilisiyarmu, matarsa Mama Rifkatu kuma ita ce shugabar zumuntar mata. Layinsu kaf Musulmi ne ma'aikata, su kaɗai ne Kirista. Kowace shekara rago guda suke yankawa, rabinsa na maƙwabta ne.

Shekarar da nake ba ku labari, na isa gidan da safe ranar jajibere, na jera duwatsu a bayan gida, na aika a kai markaɗe. Ragon yana ɗaure a jikin bishiyar gwaiba, muna jiran Malam Garba ya gama da wani gida ya iso. Ina cikin yanka albasa na ji ihu. Ashe ragon ya yi ta zagaya bishiyar har igiya ta naɗe masa wuya, ya faɗi yana shure-shure, ido ya firfito. Ishaya, ɗan gidan da ya zo hutu daga Abuja, ya fizgi wuƙar da ke hannuna ya yanka shi kafin ya mace. A gabana aka yi. Na ce masa, "Sannu da ƙoƙari, ka ceci nama."

Na juya wajen uwarsa na ce, "Mama, wannan ya zama na gida ke nan. Na maƙwabta sai a aika wurin Malam Garba ya kawo daga teburinsa, ko a samo kaji ya yanka."

Ta dube ni kamar na yi sabon yare. Ta ce, "A wannan tsadar? Nama ai nama ne, Saratu. In sun tambaya ki ce Malam Garba ne, kamar kullum." Tana faɗa tana danna waya, ta kira bawan Allahn nan ta ce ya huta, sun samu wani.

Na ce, "Mama, ba zan iya ba."

Baba Yohanna ya fito da tabarau a karan hanci, yana tsakiyar shirya jawabin da zai yi da yamma a coci kan gyara zuciya don zuwan Mai Ceto. Ya ji abin da ake ciki, ya ce, "Saratu, ke Kirista ce ko kuwa? Ɗana ya yanka da sunan Allah. Hannunsa ƙazanta ne?"

Na ce, "Baba, ban ce ƙazanta ba ne. Ni zan ci, 'ya'yana za su ci. Ku faɗa musu gaskiya kawai, wanda ya ga zai ci ya ci, wanda ba zai ci ba ya bari. Amma a ari bakina da sunan Malam Garba a yi musu ƙarya, wannan ban da ni."

Ishaya ya wurgar da wuƙar a kwano. Ya ce, "Kullum mu ne masu lallaɓa su! Su in za su yanka ragon layya suna kiran fasto ne? Ai wasu malamansu ma sun ce yankanmu ya halatta gare su." Ban ga laifin zafin yaron ba, na san abin da idonsa ya gani a rikici yana ƙarami. Na ce masa, "Wannan tsakaninsu ne da malamansu. In ka gaji da lallaɓawa, ka hana su abincin, ka fito fili ka ce bana babu. Wannan ma ya fi mutunci." Suka shige ciki, suka ɗauka ai in gari ya waye zan sauko, tunda mai neman abinci ba ya faɗa da mai ba shi.

Na yi aikina. Na gyara naman, na tafasa shi da citta da tafarnuwa da kanumfari, na soya shi ya yi ja. Na yi cincin, na jiƙa zoɓo. Da yamma na je coci na zauna na ji Baba Yohanna yana cewa kowa ya daidaita karkatacciyar hanyar da ke zuciyarsa, mata suna ta cewa amin.

Safiyar Kirsimeti, Giwa na kan wuta, an jera kuloli a baranda, sai ga Hajiya Binta ta gidan da ke jikin nasu ta shigo yi musu barka, kamar yadda ta saba. Malamar asibiti ce da ta yi ritaya, ita da Mama Rifkatu tare suka yi renon 'ya'ya. Suka gaisa, suka yi ta tsokanar juna. Ta leƙo wajen murhu ta ce, "Saratu sarkin aiki! Ƙamshin nan ya hana mu sakat tun jiya. Malam Garba ne dai ko?"

Da wasa ta yi tambayar, ba ta ma jiran amsa. Mama Rifkatu na tsaye a bayanta, ta kafe ni da ido. Kai kawai zan gyaɗa, shi ke nan, ko baki ba sai na buɗe ba.

Na ce, "A'a, Hajiya. Bana ragon ne ya shaƙe da igiya, ɗan gida ya yanka kafin ya mutu. Amma ga cincin ga zoɓo, su babu ruwansu da wuƙa."

Hajiya Binta ta ce, "Allah sarki, ai gara da aka yi saurin yankawa. To a cika mini cincin ɗin, jikokina sun zo. Allah ya maimaita mana." Ta karɓa ta fita tana dariya.

Kun ji duk abin da ya faru. Matar da aka ji tsoron za ta yi fushi ko a jikinta. Amma ƙofa na rufewa Mama Rifkatu ta juyo kaina. Wai na tona musu asiri, na kunyata su a gaban maƙwabta, na mayar da su maƙaryata. Na ce, "Mama, ai ba ku kai ga yin ƙaryar ba, na tare ku." Wannan ya ƙara wa wutar mai. Ta ce in kwashe tarkacena in bar mata gida, yanzu-yanzu. Na juye shinkafar da ba ta gama tsotsewa ba a manyan robobinsu, na nemo a-kori-kura, muka ɗora tukwane da zafinsu. Tabon da ke hannuna na hagu, kunnen Giwa ne ya yi mini shi a ranar, mutane na wucewa da sababbin kaya za su coci.

Daga nan mummunar shekara ta fara. Shugabar zumunta ba sai ta ce kada a ba ki aiki ba, ta yi shiru kawai in an ambaci sunanki. Bikin da aka riga aka yi mini alkawari aka ba wata. Taron mata da nake dafa wa tun zamanin Iya Ladi aka ce bana kowa ya zo da nasa. Magana ta zaga cewa Saratu ta fi son Musulmi da 'yan'uwanta, har wata ta tambayi 'yata ko gaskiya ne na kusa musulunta. Ni da aka yi mini baftisma tun kafin a haifi uwar mai tambayar! A sujadar sabuwar shekara kowa ya taka rawa zuwa gaba da baikonsa na godiya, Baba Yohanna ya jagoranci addu'ar neman sabuwar zuciya, ni ina can kujerar baya ina cizon leɓe. Ban ce amin ba, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Kada ku zaci Musulmin layin nan sun yi layi a ƙofata don su saka mini. Ba su ma san abin da ya same ni ba, ni kuma ban kai ƙara ba. Na koma suyar ƙosai a bakin titi, ni da nake ciyar da ɗaruruwa. Da damina ta yi tsakiya, rufin ɗaki na yoyo, yara na gida babu makaranta, na kai Giwa wurin masu narka dalma. Mutumin ya ƙwanƙwasa ta da guduma ya ce ba a ƙera irinta yanzu. Na ce na sani. Ya ɗora ta a sikeli kamar tsohon ƙarfen mota. Na karɓi kuɗin na tafi.

Disamba ta zagayo, aka kunna kyandir na farko. Babu gida ko ɗaya da ya kira ni, amma hannu ya saba, washegari na fito da sauran tukwanen na dirje su, na sabunta jan fenti. Na gama na zauna a kan turmi. Babu Iya Ladi, babu mai bi na da ido, amma maganarta na nan: tukunya ta fita, saura ke. Na ce a raina ai ni aka zalunta, su ya kamata su zo. Tukwanen nan suka yi kwanaki a tsakar gida suna ƙyalli, in wuce su in kau da kai. Aka kunna kyandir na biyu, aka kunna na uku. Addu'a ma in na fara sai in tsinci kaina ina jera wa Mama Rifkatu baƙar magana. Na ga dai ba zan iya shiga ranar haihuwar Mai Ceto da wannan kaya a kai ba, na ɗauki gyale na hau mota zuwa Malali.

Ta bar ni a benci a baranda har rana ta juya. Da ta fito ba ta zauna ba.

Na ce, "Mama, na zo sauke gaba ne. Ban zo in ce na yi kuskure ba, don ban yi ba, gobe ma aka tambaye ni haka zan faɗa. Amma shekara guda ke nan ina zagin ki a zuciyata, na gaji da ɗauka. Na yafe abin da aka yi mini."

Ta ce, "Kin gama?"

Na ce, "Na gama."

Ta ce, "To ki gaida gida."

Babu runguma, babu hawaye, ko ruwa ba a ba ni ba. In kuna jiran in ce daga baya ta zo ta durƙusa, ba ta zo ba. Sun sayar da gidan sun haye kogi, yanzu sai a wurin makoki muke haɗuwa mu gaisa sama-sama. Amma na fito daga gidan nan kafaɗata a sake, yafiya kuwa ba ta hana ni jin haushi in na tuna ba, ta dai hana ni yi musu mugun fata.

Ina fitowa na ci karo da Hajiya Binta a ƙofar gidanta. Ta ce, "Saratu, ina kika shige? Bana a wane gida kike?" Na ce babu ko ɗaya, Hajiya. Ta dube ni, ta dubi ƙofar da na fito. Ba ta tambayi dalili ba. Ta ce, "To bari in gaya miki. Mu a layin nan mun riga mun yi magana. Duk gidan da muka leƙa muka ga tukunya mai jan kunne a kan wuta, ba sai mun tambaya ba."

A shekarar, kaji biyu Malam Garba ya yanka mini, na dafa a 'yar ƙaramar tukunya, na raba wa maƙwabtana na Unguwar Kanawa. Aiki ya dawo a hankali, gida ɗaya bana, biyu baɗi, yawanci Kiristocin da suke so maƙwabtansu su ci abincinsu da kwanciyar rai. Yau akwai masu mayar da kula su ce sun gode, ba sa cin abincin Kirsimeti sam. Wannan ra'ayinsu ne, ba na gaba da kowa a kai. Amma masu karɓa, tun daga ranar nan har yau babu wanda ya ƙara tambaya ta wa ya yanka.

Yanzu kin gane abin da kika zo aro, Rahila? Kina ganin dalma ce da murfi. In na ba ki tukunyar nan kika ɗora ta a Malali, wata Hajiya za ta leƙo ta ga jan kunne, ta karɓi abincinki ta zuba wa jikokinta ba tare da ta ce uffan ba. Shirun nan nata da Giwa na saye shi, da shekara guda a bakin kaskon ƙosai. Ke kuma ki tsaya a ƙofar coci, a makon da ake cewa kowa ya gyara zuciyarsa, ki ce mini wa zai sani.

Gobe Litinin zan fito da tukwane. Akwai toka, akwai soso, Malam Garba ya tsufa amma ɗansa na nan a teburin, zan kai ku ku san shi. Wacce ke gaba da wani ta je ta sauke kafin ta tako mini gida. Wacce kuma har yanzu take ganin babu mai sani, kasuwa cike take da tukwane marasa fenti, ta je ta saya.